Yadda Ni da Kawu Muka Kusa Kashe Tambar Inna

Shekarun baya, tun ina saurayi mai jin kansa, na kusa hallaka abin da kakata ta ɗauko a ƙafa tun daga ƙasar Hausa har bakin Nilu. Ba ni kaɗai na yi aikin ba, akwai hannun Kawuna a ciki, amma tunda ya riga mu gidan gaskiya, ni kuma ina nan da bakina, bari in ɗauki kaso mafi girma. Ku masu yawan tambayata yadda ake sa wa tamba taki, ku gyara zama, amsarku tana cikin labarin nan.

A lokacin ina aiki a gonar wata kwalejin noma a hayin Bahri. Ni ba dakta ba ne, ban ma kama hanyar zama ba. Aikina in auna taki a ƙaramin sikeli, in ƙunshe a takarda, in rubuta lamba, in bi bayan malamai da ɗalibai in zuba inda aka ce in zuba. Amma da zarar na tsallako gada na sauka a unguwarmu Alsawra, cikin Umdurman, to fa na zama babban masani. Ko na'ana'a maƙwabciya ta dasa a tsohuwar garwa sai na tsaya na ba ta shawara, ta tambaya ko ba ta tambaya ba.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana da tamba. Larabawan nan telebun suke ce mata, kuma akan same ta jefi-jefi a Kasuwar Umdurman wajen masu hatsi, ja mai ɗan kaushi. Ta Inna daban ce. Fara-fara ce, ƙwayarta ƙanana, kanta kuma a dunƙule yake kamar hannun jariri. Mahaifiyarta ce ta ƙullo ta a bakin zane lokacin da suka taso da niyyar Makka. Suka yada zango a Jazira don neman guzuri a gonakin auduga, zangon ya zama zaman dindindin. A can, bayan bukkokin 'yan ƙwadago, duk damina sai an shuka layi biyu ko uku. Da muka dawo birni Inna ta ci gaba a tsakar gida. Ba ta taɓa kai ta tuwo ba. Kunu ake dama wa mai jego ko wanda ya tashi daga ciwo, sauran a ajiye iri.

Sai gida ya cika, aka gina ɗaki a daidai inda take shuka. Shekara biyu ba ta sami wuri ba. Ta uku ta matsa a wani lungu kusa da ƙofa, akuyar maƙwabta ta shigo ta yi kalaci da ita tun ba ta fid da kai ba. Abin da ya rage a duniya na irin kakata shi ne abin da ke cikin ɗan gwangwanin tumatir, shi ma bai cika ba.

Kawuna yayan Inna ne. Shekara talatin ya yi yana ƙwadago a Jazira, tsinkar auduga, ban ruwa, watsa taki, duk a gonar wasu. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya dawo Umdurman, ya sami aikin kula da gonar wani Balarabe a arewacin gari, a tudun bakin kogi, inda ake jan ruwa da inji. Mai gonar mutumin kirki ne, ya bar masa wani kusurwa ya shuka abin miyarsa. Wannan kusurwar na sa wa ido.

Na sami Inna a rumfar tsakar gida tana yanka kuɓewar shanya. Na durƙusa na ce, "Inna, ki ba ni tambar nan in kai gonar Kawu. Irin da ya shekara uku a gwangwani mutuwa yake yi a hankali. In aka ƙara wata shekarar, ko kin shuka ba zai fito ba."

Wannan gaskiya na faɗa. Abin da ban faɗa ba shi ne ina so in yi gwaji irin na daktocinmu, in rubuta a littafi, in kai musu su san cewa mai ƙunshe taki ma yana da kai a wuyansa.

Ta ce, "Nawa kake so?"

Na ce, "Duka."

Ta ajiye wuƙa ta dube ni. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. "Duka, kai wannan?"

"Duka, Inna. Kaɗan ba zai isa aikin da zan yi ba. Buhu zan dawo miki da shi."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta ɗan jima, ta fito da gwangwanin an ɗaure bakinsa da tsumma. A raina na ce, tsohuwa ce, ai ba za a rasa wani ƙulli a ƙasan akwati ba. Ban tambaye ta ba. Na yanke wa kaina cewa ta ɓoye wani, don hakan ya fi mini daɗi.

Farkon damina na ja igiya na fitar da fangali takwas, wato 'yan akwatunan nan da ake tare ruwa a ciki, kowanne taku huɗu a tsaye uku a kwance, layi biyu. Taki iri biyu na kawo. Akwai farin nan, yuriya, mai naitirojin, shi ke sa ganye da tsayi. Akwai mai launin toka, sufa, mai fosfaras, shi ke kafa saiwa ya taimaki kai ya cika. Sikelin kwaleji ba a fita da shi, sai na ari ɗan kofin shayin Kawu na gilashi ya zama ma'aunina. Layin gabas na binne wa kowane fangali kofi ɗaya na sufa kafin shuka, layin yamma na bar shi haka. Yuriya kuwa, a kowane layi, fangali na farko babu, na biyu kofi ɗaya, na uku kofi biyu, na huɗu kofi huɗu, rabi bayan sati uku, rabi bayan sati shida. Na kafa turaku na rubuta lambobi da jan fenti. Wallahi ranar ji nake kamar a ɗauke ni hoto.

Kawu yana zaune a bakin rijiyar inji yana kallona. Ya ce, "Bashmuhandis," haka yake tsokanata, wai babban injiniya, "na ga na farkon nan ba ka ware masa komai ba. Mantuwa ka yi?"

Maimakon in zauna in yi masa bayani da Hausar da ya rene ni da ita, sai na juye Larabcin kwaleji, na yayyafa masa Turanci biyu-uku da ni kaina a bakin malamai na tsince su. Na ƙare da cewa, "Kai dai Kawu, ka riƙa ba su ruwa daidai-wa-daida. Sauran aikin na ilimi ne."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Kwayyis," wato ya yi kyau. Ya tashi ya tafi wajen albasarsa. Ragowar yuriyar na jingine ta a ɗakin inji na kama hanya.

Ranar Juma'a kaɗai nake samun zuwa. Irin bai fito duka ba, tsufa ya ci wani, amma abin da ya fito ya isa. Bayan na zuba kashi na biyu na yuriya, bambanci ya fito ƙarara, ko makaho ya shafa zai gane. Masu kofi huɗu sun yi kore shar, ganye fato-fato. Masu kofi biyu suna biye, musamman na layin gabas mai sufa, wanda ya yi 'ya'ya da yawa a gindi. Na farko-farkon kuwa sun yi rawaya, gajeru, abin tausayi. Na layin yamma da ba su sami sufa ba sun yi siriri, bakin ganyensu ya yi ja-ja. Na cika shafi uku da rubutu, bakina har kunne. Kawu ya zo ya tsaya kan na farkon ya daɗe, hannu a baya, yana kallonsu. Ni kuwa ko a jikina.

Sai aka tura mu aiki wata gona a wajen gari, na yi Juma'a uku ban leƙa ba. Da na dawo na sauka daga motar kayan lambu na doshi kusurwar, sai na tsaya cak. Fangali takwas duk sun zama ɗaya. Kore har ya yi duhu, ganye ya rufe turakuna, ba ka gane mai kofi huɗu daga wanda ba a ba komai ba.

Mai hankali zai yi tambaya. Ni ban yi ba. Nan take na zauna a bakin kwata na rubuta cewa tambar kakata wata irin tamba ce ta musamman, tana jinkiri ne kawai, in saiwarta ta nutse sai ta ciro abincinta da kanta, ba ta bukatar taki. Kafin in kai gida har na fara tsara yadda zan tsaya gaban daktoci in yi jawabi. Washegari na ja wani abokina, abokin aikina, gefe na nuna masa littafin. Ya karanta a tsanake har ƙarshe, ya rufe, ya miƙo mini.

Ya ce, "Ya zol," wato kai mutumin nan, "wa ke ba ta ruwa?"

Na ce, "Kawuna."

"A ina ka bar sauran yuriyar?"

Na ce, "A ɗakin inji." Ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Ban iya jiran Juma'a ba. Da aka tashi aiki na wuce gonar kai tsaye, na shiga ɗakin inji na ɗaga buhun, fayau, sai ɗan abin da ya maƙale a gindi. Na sami Kawu yana gyara kwata da fartanya. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, Allah Ya yafe mini.

"Kawu, kai ka zuba wa tambar nan taki?"

Ya miƙe ya dafa ƙugu. Babu alamar kunya a fuskarsa, alfahari ma na gani. "Ni na zuba. Biyar na ga suna jin yunwa, biyar na ba. Ka ga yadda suka murmure?"

"Da me ka auna?"

Ya ɗaga tafin hannunsa, faffaɗa, duk kanta. "Da abin da na auna wa auduga shekara talatin."

Na dafe kai. "Kawu, ka ɓata mini aiki! Da gangan na bar su haka. Gwaji ne, gwaji!"

Ya jefar da fartanyar. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Kai kana zuwa Juma'a ka yi rubutu ka tafi. Ni nake kwana da su nake tashi da su. Kullum in buɗe musu ruwa, waɗannan na ci, waɗancan na kallo, ga abincin a jingine a ɗaki? A Jazira, in mufattish, wato sufeto, ya zo duba gona ya ga layi ɗaya ya yi rawaya, ba mai gona yake zagi ba, mu yake zagi. Ban taɓa barin shuka ta yi rawaya a hannuna ba, ba kuma zan fara da ta uwata ba." Ya matso kusa da ni ya rage murya. "Gwaji ka ce? Da irin kakarka kake gwaji? Ita uwar taka ta san gwaji za ka yi?"

Inna ba ta sani ba, kuma ya gane hakan a fuskata. Na tafi ban yi masa sallama ba, shi ma bai raka ni bakin hanya ba kamar yadda ya saba.

Haushin littafina ya hana ni ganin abin da ya fi littafin. Sai a makonnin da suka biyo na fara lura. Tambar ta yi tsayi fiye da kima, karanta ya yi ruwa-ruwa, in ka matsa da yatsa sai ya lotsa. Kai ya makara fitowa, da ya fito kuma nauyinsa ya fi ƙarfin karan. Biyar ɗin da Kawu ya ji wa tausayi haka suke. Biyun da ni na ɗura wa kofi huɗu da hannuna, su ma haka suke, har sun fi. Fangali ɗaya ne kawai ba wanda ya taɓa, na uku a layin gabas, mai kofi biyu da sufa. Ni ban cika masa ba, Kawu kuma bai ga yana jin yunwa ba. Ya fi sauran gajarta, har ina ɗan raina shi.

Wata Talata da la'asar hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da safen ranar Kawu ya ba tambar ruwa, ƙasa ta riga ta yi laushi. Washegari da hantsi ina shirin fita sai ga shi a ƙofar gidanmu, wandonsa duk taɓo. Kawu ba ya barin gona ranar aiki ko da biki ake. Bai shiga ba, ya yafito ni waje.

Ya ce, "Ta kwanta."

Muka tafi tare. Abin da na tarar har yau ina ganinsa. Fangali bakwai sun kwanta shame-shame, kawunan da suka fara ɗaukar ƙwaya suna cikin laka. Ɗayan nan ne kaɗai a tsaye, ya ɗan karkata, amma yana tsaye, shi ma tsuntsaye sun fara zagaya shi. Ƙwayar ba ta nuna ba, in ka matsa ruwa fari take fitarwa. In ta ruɓe a haka, ko ta tsuntsu ta zama, shi ke nan, ba iri. Na zauna a taɓon.

Abu ɗaya ya riƙe ni, ƙullin nan da na ƙaddara Inna ta ɓoye. Na koma gida na same ta ta idar da azahar tana kan tabarma. Na faɗa mata komai, har da gwajin, har da littafin. Ba ta katse ni ba. Da na gama sai na yi 'yar dariyar ƙarfin hali na ce, "Allah Ya sa dai kin rage wani a ajiye."

Ta ce, "Wane?"

"Irin mana, Inna. Na san ba za ki ba ni duka ba."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Ka ce duka. Na tambaye ka, ka sake cewa duka. Ko ƙwaya ɗaya ban rage ba, har gindin gwangwanin na kaɗe maka. In ban yarda da kai ba, da wa zan yarda?"

Jama'a, na sha zagi a rayuwata, na sha faɗa, amma ba abin da ya taɓa dukana kamar wannan maganar da aka faɗa cikin sanyin murya. Na sunkuyar da kai hawaye na zuba a tabarmarta, ƙato da ni.

Ba ta lallashe ni ba. Ta ce, "Kuka ba ya ta da shuka. Kwana nawa da kwanciyarta?"

"Jiya da la'asar."

"To ba ta mutu ba. Miƙo mini mayafina, ka ɗauko damin kabar nan da ke bayan ɗaki."

Inna tana fama da gwiwa, ko masallacin unguwa sai ta huta sau biyu a hanya. Amma ranar ta hau bayan motar kayan lambu ta zauna kan buhun albasa har gonar. Da Kawu ya hango ta sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na yi." Na ce, "A'a, ni na yi." Ta ce, "Yaya, ku ajiye wannan, in an gama kwa raba laifin. Ka toshe kwatar nan, kada ɗigon ruwa ya sake shiga. Kai wannan, saro mini sanduna."

Ta nuna mana yadda ake yi, yadda ta ga uwarta ta yi wata shekara a Jazira. Ba a fizgo ta a miƙar da ita tsaye, karan zai karye. Ana tattaro gindi biyar ko shida a hankali, a ɗago su rabi, a haɗa wuyansu a ɗaure da kaba sako-sako a jikin sanda, su jingina da juna. A zage ganyen ƙasa da ya yi yawa don iska ta ratsa. Kan da ya sha laka a wanke shi da ruwa a tafin hannu. Wanda karansa ya karye a bar shi, ya tafi. Kwana uku muka yi muna wannan aikin, ita a zaune kan kujerar tsugunno tana tsaga kaba tana ba da umarni, ni da Kawu a duƙe. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na ce musu mara lafiya gare mu a gida, kuma ban ga na yi ƙarya ba.

Da yawa sun tafi. Wasu sun ruɓe, wasu sun yi kai babu ƙwaya, sai ƙaiƙayi. Fangalin nan ɗaya muka tsare kamar ranmu. Kawu ya ja igiyoyi ya rataya gwangwanaye, ya kafa 'yar rumfa a gefe, daga fitowar rana har faɗuwarta yana kora. Tamba ba ta nuna lokaci ɗaya, don haka ba a girbe ta gaba ɗaya. Duk bayan kwana biyu Inna takan zo da 'yar wuƙarta ta bi kai-kai, wanda ya yi ruwan ƙasa ta yanke, ɗanye ta bar shi. Buhun da na yi alkawari bai samu ba. Bayan an shanya an sussuka an sheƙe, abin da aka samu bai cika ƙwarya biyu ba, kuma mafi yawa daga fangalin nan ɗaya ya fito. Inna ta ɗebi 'yar kaɗan ta tauna, sannan ta ce, "Ita ce." Ni da Kawu muka sauke numfashi tare.

A ranar, bayan ta tafi, muka zauna a inuwar ɗakin inji ya dafa shayi. Na ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Can sai ya juya kofin a hannunsa ya ce, "Bashmuhandis, yanzu faɗa mini da Hausa. Me ya sa wancan ya tsaya?"

Na faɗa masa da Hausa. Na ce farin taki ganye yake yi da tsayi, in ya yi yawa ko ya zo a makare sai shuka ta yi jiki ba ƙashi. Tamba kuma ba auduga ba ce, karanta siriri ne, cikinta ƙarami. Mai tokar kuwa ba ya tafiya a cikin ƙasa, inda ka ajiye shi nan yake zama, shi ya sa ake binne shi tun ranar shuka inda saiwa za ta same shi, in ka watsa shi a sama daga baya ka yi aikin banza. Wanda aka bari babu komai kuma ba mugunta ba ce, shi ne ke nuna maka ƙarfin ƙasar kanta, da shi ake gane ko takin ya yi aiki.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Shekara talatin ina watsa abin nan. Buhu nawa ya bi ta hannuna, Allah kaɗai Ya sani. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini abin da yake yi. Sai dai a ce watsa." Ya kurɓi shayi. "Da ka faɗa mini haka tun farko, da na bar su da yunwarsu. Da zafi, amma da na bari."

Fangali ɗaya a gwajin da ya lalace ba hujja ba ne, ko abokina sai da ya tuna mini. Shi ya sa muka sake, shekara uku a jere, ni da Kawu, shi ke riƙe da kofin ma. Abin da muka gani a ƙasar nan bai canja ba: kofi ɗaya na sufa a binne ranar shuka, kofi biyu na yuriya a raba biyu, a gama zubawa tun kafin ta ɗauki ciki. Ƙasa da haka tana ramewa, sama da haka tana kwanciya. Wannan na tsaya a kansa ko gaban wa. Amma ƙasarku ba tamu ba ce, ku gwada a taku, kuma ku gwada da irin da in ya tafi akwai wani.

Abin da na koya ya wuce na kofi. Duk wanda zai riƙe maka ruwa, ka zaunar da shi ka gaya masa abin da kake yi da harshen da yake ji. Raina Kawu da na yi ya fi yuriyarsa ɓarna. Kuma na daina rufe ido in ƙaddara cewa wani ya yi mini tanadi a ɓoye, don kawai in sami ƙarfin yin ganganci.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai ya faru ne da damina ta zagayo bayan wannan wahalar. Kawu ya aiko cewa ya gyara wuri. Na yi kamar ban ji ba. Kunya ba za ta bar ni in sake buɗe baki in roƙi Inna iri ba, har na yanke in sayo jar nan ta kasuwa mu yi da ita. Ran nan na dawo daga aiki sai ta kira ni ɗakinta, ta jawo wata 'yar jakar ƙyalle ta ɗora mini a hannu.

Ta ce, "Duka ne."

Na ce, "Inna, don Allah ki riƙe rabi. Kin ga abin da na yi bara."

Ta ce, "Na gani. Bara ba ka ji tsoro ba, ni na ji maka. Bana ga shi kana ji da kanka. Gwiwata ta ƙare, ba zan sake duƙawa in shuka ba. Rabin da kake so a ɓoye, kai za ka ɓoye shi."

Na rungume jakar. Ita kuwa ta jawo farantin shinkafarta ta ci gaba da tsinta. A yammacin nan na raba irin, na kai rabi gidan ƙanwata a can unguwar Alshajara, na sa ta rantse ba za ta ba ni ba ko na zo ina kuka.

Inna ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka. Ta sha kunun tambar nan a ciwonta na ƙarshe. Amma daga ranar da ta ɗora mini jakar har ta koma ga Allah, ba ta taɓa tambayata ko irin yana nan ba, ko sau ɗaya.